Shekarar da Na Dawo da Naman Haruna Gida

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a danginmu, na kuma san ta iso kunnuwanku, ku 'ya'yana da 'ya'yan ƙanena Sale. Na taɓa jin ɗayarku tana ba ƙawarta labari a wajen biki, tana ƙyalƙyala dariya, wai Gwaggo Asabe ce ta sa aka yanki naman Yaya Haruna aka kai jami'a aka soya. Ban tanka ba a ranar, don bakina cike yake da alkaki. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwa kuma ta raba ni da yawon biki, na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya faru tun ina da sauran hankalina. An yanki naman, wannan gaskiya ne. Ba a soya ba. Kuma da ba a yanka ba, Haruna da bai girma a ɗakin uwarsa ba.

Aikina a jami'a tun ina budurwa har na yi furfura shi ne yankan nama, shi ya sa mahaifiyarmu, Inna, take kirana mahauciyar gwamnati. A ɗakin gwaji nake, a sashen da ake koya wa masu son zama likitoci yadda jikin mutum yake. Akan kawo mini ɗan guntun nama, in jiƙa shi a maganin da ke hana shi ruɓewa, in zuba masa narkakken kaki irin na kyandir ya daskare a ciki, sannan in ɗora a inji in dinga fere shi siriri, sirantar da ta fi ta ɓawon albasa. Kowane yanki sai in shimfiɗa shi a kan gilashi, in rina, a sa a madubin likita a duba. Ni ba likita ba ce, ban kuma taɓa cewa ni ce ba. Amma hannuna yana da kyau, wannan ko wanda ba ya sona ya sani.

Ina zaune da iyalina a Rijiyar Zaki, amma duk ƙarshen mako ina ƙauyenmu, can arewa da Dawanau, inda gona take manne da gona har ba ka gane inda ta wani ta ƙare sai da jerin gamba. A gidan da aka haife ni Inna take tare da Sale da matarsa Hansai. Hansai yarinya ce mai sanyi, irin waɗanda in sun taka ƙasa ba a ji. Haruna ne ɗanta na fari, ta haife shi a gidan iyayenta kamar yadda aka saba, ta yi wankan jego a can, ta dawo da shi ya yi ɓul-ɓul. Yaro mai fara'a, idanu tar-tar, amma jikinsa sakwaf. Sa'o'insa suka zauna, shi sai an jingina shi da matashi. Suka yi rarrafe, shi yana kwance yana binsu da ido. Inna takan ɗaga shi tana masa kirari, tana ce masa maigidanta, wai ragwanta ce ya gado wajen kakansa, wanda bai taɓa tashi daga tabarma ba in akwai wanda zai aika. Haka aka yi ta dariya har ya wuce shekara.

Dariyar ta tsaya ne da damina ta yi nisa, aka gane Hansai tana da ciki alhali ba ta yaye Haruna ba. Ku 'yan zamani ba ku san nauyin wannan ba. A wancan lokacin, a ƙauye, mace ta yi kwanika abin magana ne a bakin rijiya, kuma kowa ya yarda yaron da ya sha nonon mai ciki zai lalace, ya rame, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Sai a ce ya sha ciki. Inna ta haɗa wannan da wancan, lissafinta ya fita daidai. Na zo ran Asabar na tarar an kwashe 'yan kayan yaron an mayar ɗakinta, ita kuma tana tsakar gida tana tsinke zogale tana magana da ƙarfi yadda duk maƙwabta za su ji.

"Ruwa ba ya tsami banza. Ina cewa ragwanta ce, ashe guba ake ɗura masa ina zaune. To na karɓi maigidana. In ta tafi gidansu haihuwa ta tafi ita kaɗai, in ta dawo ma ba ta ƙara goya shi. Wadda ta nakasa yaro ba a ba ta shi ta ƙarasa."

Raba yaro da nono a kai shi ɗakin kaka ba sabon abu ba ne, kowa haka aka yi masa, bayan kwana biyu a mayar da shi. Abin da Inna ta yanke daban ne. Har abada take nufi, kuma da sunan laifi. Na dubi Sale, ya sunkuyar da kai yana gyara ƙotar fartanyar da ba abin da ya same ta. Na dubi Hansai, tana bakin murhu tana hura wuta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ba za ta iya ɗagowa ba. Ɗan fari ne, ɗan kunya. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai ta yi kamar ba ta ji ba har wani ya miƙo mata shi. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta buɗe baki ta ce a ba ni ɗana. Shirun da aka koya mata a matsayin mutunci, shi Inna ta ɗauka ta ce ga shaida nan, ko a jikinta.

Abin ya ci mini rai, kuma zan gaya muku dalili. Ni ma 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "'yar nan". A ɗakin kakata na tashi, ita ta sa ni a makaranta, Allah ya ji ƙanta, ban rasa komai ba. Amma na san yadda yaro yake hango uwarsa daga wancan gefen tsakar gida. Ni aƙalla ina da ƙafar da zan bi ta rijiya in riƙe mata guga. Haruna in an ajiye shi nan, nan zai wuni.

Da yamma na bi Hansai bayan rumbu inda take sheƙe wake. Na daɗe ina janta da hira kafin ta yi magana, kuma ko da ta yi, wake take kallo.

"Yaya, yaron nan tun ranar da ya faɗo haka yake. Bai taɓa kama nono da ƙarfi ba, sai ya ja kaɗan ya huta. In na ɗaga shi kansa sai ya tafi baya. Kukansa ma ba ya fita waje."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa zan faɗa wa? A ce ina kallonsa?"

Wannan kalma ta "a ce ina kallonsa" ita ta hana ni sukuni har na koma wajen aiki. A lokacin akwai wani matashin malami a sashenmu, Dakta Lawan, da yake bincike a kan tsoka, ni nake yi masa yanka da rini. A wajensa na koyi abin da zan gaya muku yanzu, ku yi haƙuri ku karanta, ba shi da tsawo. Tsokar da ke manne da ƙashi, wadda muke tafiya da ita, muke ɗaga tulu da ita, cike take da zaruruwa ƙanana da ido ba ya gani, iri biyu, masu kauri da sirara, a jere gefe da gefe. In za ka motsa hannu, masu kaurin ne suke kama siraran su ja, tsokar ta tsuke, ƙashi ya biyo. Siririn zaren nan da wani abu ake gina shi mai suna aktin. In babu shi, ko in bai jeru daidai ba, mai ja ba shi da abin kamawa. Aktin kuma iri-iri ne. Akwai na zuciya, akwai na hanji da jijiyoyin jini, akwai na tsokar ƙashi, duk suna kama da juna kamar 'ya'yan mutum ɗaya, rinin da muka saba da shi ba ya bambance su.

Abin da ke bambance su yana cikin wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, wadda Dakta Lawan ya yi odarta daga ƙasar waje yake kuma tattalinta fiye da motarsa. In an ɗauke wuta sai ka gan shi ya sa ta a fulas da ƙanƙara yana neman firjin da ke aiki. Antibodi ake ce wa abin da ke ciki. Jinin kowace dabba yana ƙera irinsa don ya kama baƙon abin da ya shigo jiki, kuma kowanne abu ɗaya tak yake kamawa. Masu sana'ar sai su ɗauki ɗan ɓangaren da aktin ɗin tsokar ƙashi ya bambanta da 'yan uwansa, su yi wa zomo allura da shi, jinin zomon ya ƙera mai kama shi, su tace su zuba a kwalba. In na ɗiga shi a kan yankin nama, sai ya bi ya liƙe wa wannan aktin kaɗai. In wanke, in bi da wasu ruwaye, duk inda ya liƙe sai wurin ya yi launin ruwan goro.

Na kai Haruna asibiti tukuna, da sunan za a duba masa tari, don da wannan kawai Inna za ta bari. Likitan yara ya juya shi, ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya ɗebi jini, ya ce ba shan inna ba ce, ba tamowa ba ce, yana zargin tsokar ce da kanta, amma sai an ciri kaɗan an duba. Na kai maganar wajen Dakta Lawan. Idonsa ya yi haske, na gani, don irin wannan nama ba kullum ake samunsa ba. Amma mutumin kirki ne, sai da ya ja mini kunne.

"Hajiya, kin dai san abin da ke rubuce a jikin kwalbar nan. Ta bincike ce, ba ta yanke hukunci a kan majiyyaci ba. Za ta nuna mana alama, likitansa ne zai yi magana. Kuma ba magani ba ce."

Na ce na sani. Ni ba magani na zo nema ba, mai shaida nake nema.

Saura Inna. Na same ta da hantsi tana ba Haruna kunu da ludayi, na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurare ni har na kai kan zomo.

"Zomo? To da sauƙi, na ɗauka ɓera za ki ce, don na san ku ba abin da ba kwa taɓawa. Shi zomon zai sa ya tashi?"

"Ba zai sa ba, Inna. Zai dai faɗa mana ko nono ne ko ba nono ba."

"Yanka ba ya ba ni tsoro, 'yar nan. Wanzami ya cire masa belu ina riƙe da shi. Amma wanzami in ya yanka a gabana yake ajiyewa, in haƙa rami in binne. Ke kuma so kike a yanki naman jikana a tafi da shi inda ban sani ba, a sa a kwalba, kowane kafiri da musulmi ya zo ya leƙa. Cibiyarsa tana ƙasa. Gashin askin sunansa yana ƙasa. Ko farce ba ma yarwa a gidan nan. Ranar da za a tashe shi, a ina zai nemo guntun cinyarsa? A jami'a?"

Na yi niyyar dariya, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Sale ya je ya tambayi limamin ƙauye, liman ya ce neman sanin cuta ba laifi ba ne, kuma abin da aka cira daga jikin ɗan Adam girmama shi a binne. Kowa ya samu rabonsa a wannan amsa. Inna ta ce to ta yarda, bisa sharaɗi ɗaya: duk abin da aka cira, a gama dubawa a dawo mata da shi, ko ƙwayar gero kada ta rage. Na ce na ɗauka. Ta ce ba ta ji ba. Na ce wallahi na ɗauka. Na koma na faɗa wa Dakta Lawan, ya yi murmushi ya ce ba komai, Hajiya, ba komai. Daga baya na gane a ransa ya ɗauka tsohuwa ce, za ta manta. Bai san Inna ba. Matar da har ta rasu tana tuna wa maƙwabciyarta muciyar da ta ara tun zamanin da ba a haife ni ba.

Aka yi aikin bayan Babbar Sallah, wadda a shekarar ta faɗo daidai girbin dawa. Likitan tiyata ya ciri kamar ƙwayar wake a cinyar hagu, ya ɗinke, tabon yana nan har yau, wanda bai yarda ba ya je ya tambayi Haruna. A aikinmu ba a rina naman da ake tuhuma shi kaɗai, sai an haɗa da lafiyayye a gefe, don a tabbatar ruwan kwalbar yana aiki. Lafiyayyen da na yi amfani da shi cinyar ragon layyar Sale ce, na yanko tun da ɗuminta na jefa a magani. Kada ku yi mamaki, aktin ɗin tsokar rago da na mutum kusan abu ɗaya ne, Allah bai canza wannan zubi ba tsakaninmu da dabbobinmu. Ina jin daga nan maganar suya ta samo asali, don ragowar cinyar kam an soya, ni ma na ci.

Sai aka zo kan naman Haruna. Na yi bisimilla na fere, na shimfiɗa, na ɗiga ruwan zomo, na jira, na wanke. Da launin ya fito, ni da Dakta Lawan muka sa na ragon a madubi tukuna. Ga shi nan ruwan goro layi-layi, a jere reras kamar saƙar sabuwar tabarma. Muka sa na Haruna. Wasu wuraren layin yana nan, amma a wurare da yawa aktin ɗin ya tattaru ya dunƙule, kamar gudaji a tuwon da ba a tuƙa da kyau ba. Dakta Lawan ya daɗe bai ɗago kai ba. Ya kira likitan yaran, shi ma ya zo ya duba, suka yi ta Turanci. Da suka gama na ce su faɗa mini da Hausa, irin wadda zan iya kaiwa ƙauye.

Likitan ya ce, "Yunwa ko mugun nono suna ramar da tsoka, ba sa dunƙule ta haka. Wannan da shi aka halicce shi, tun yana ciki. Ba abin da uwarsa ta ci, ko ta sha, ko ta yi. Ainihin sunan ciwon ba zan iya rantsewa a kai ba da abin da muke da shi a nan. Irin wannan wani yakan yi tsanani, wani yakan zo da sauƙi, nasa ina ganin mai sauƙin ne. A kula da ƙirjinsa in ya yi mura, a dinga motsa masa gaɓoɓi, sauran sai abin da Allah ya yi."

Na fita bayan ɗakin gwajin na yi kuka, rabi na baƙin ciki rabi na murna, ban san wanne ya fi yawa ba.

Sai ga inda aka yi ta. Dakta Lawan ya ce yana da aboki a wata jami'a a ƙasar waje mai injinan da ba mu da su. In aka aika masa da dunƙulen kakin nan mai naman a ciki, zai iya gano ainihin sunan ciwon, binciken Dakta kuma zai yi nauyin da zai kai shi inda yake buri. Na ce in an aika yaushe zai dawo? Ya ce irin wannan ba ya dawowa, feraye shi za su yi har ya ƙare.

"Dakta, na yi wa tsohuwa alkawari a gabanka."

"Haba Hajiya! Ki yanko wani kakin ki sa naman rago ki kai mata, ina za ta gane? Ke fa ma'aikaciyar kimiyya ce. Za ki binne abin da zai amfani yaron da ma wasu yaran saboda al'ada?"

Kada ku ɗauka maganarsa ba ta shige ni ba. Ta shige ni, don gaskiya ce a cikinta. Na ɗauki kwanaki ina juya ta, in na sa abinci a baki ba na jin gishiri. Da zan san aikawar za ta kawo magani, da na je na durƙusa wa Inna har ta haƙura. Na tambaye shi, ya ce a'a, suna kawai za ta kawo, magani babu ko can. Shi ke nan na san inda na tsaya. Abin da zan kai ƙauye magana ce, ba wani abu ba. Inna ba za ta leƙa madubi ba, in ta leƙa ma ruwan goro za ta gani. Abin da zai sa ta yarda da abin da idona ya gani shi ne ta san bakina ɗaya ne. In na kai mata naman rago a madadin na jikanta, ko ba ta gane ba ni na sani, kuma da wannan bakin zan ce mata Hansai ba ta da laifi. Ban iya ba.

Na ce ya ɗauki hotuna iya son ransa, hoto ba nama ba ne. Ya ɗauka. Na tattara dunƙulen kakin da gilasan da na shimfiɗa yankan a kai, har ɗan ɓarɓashin da ya zuba a gindin inji na share na haɗa. Dakta Lawan ya yi fushi da ni sosai. Ya koma ba wa wani yankansa, gaisuwa ma sai in na fara. Takardar da ya rubuta a kan aikin ba ta yi nisan da ya so ba, ni kuma sunana da ya ce zai sa a ciki bai sa ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, mun shirya daga baya, har ya zo auren babbarku. Amma sunan ciwon Haruna ba mu taɓa saninsa ba, kuma ni ce sanadi. Ƙannensa duk lafiya aka haife su, alhamdu lillahi. Yanzu an ce da jini ma ana iya ganowa. Na faɗa wa Haruna, ya ce Gwaggo, in na san sunan zai rage mini kuɗin keken ɗinki? Ya yi tafiya yana da shekara huɗu da wani abu, yana jan ƙafa, har yau ba ya ɗaukar buhu, ba ya noma. Amma duk wanda ya sa sabuwar riga a ƙauyen nan ranar Sallah ya san hannun wa ta bi, ga matarsa ga 'yarsa. Ni dai na gode Allah.

Ranar da na kai kayan gida, an gama girbi, mata sun cika tsakar gidanmu ana sussukar dawa. Hansai cikinta ya tsufa, washegari za a raka ta gidansu. Inna tana zaune a kan turmin da aka kifa, Haruna a goye a bayanta. Na durƙusa na kwance ƙullin hankicin a gabanta. Ta ɗauki dunƙulen kakin ta ɗaga shi a rana, ta hango ɗan abin a tsakiya, baƙi-baƙi.

"Shi ke nan duka?"

"Ga sauran a jikin gilasan nan. Wannan kuma ɓarɓashin da ya zuba ne."

"Har da ɓarɓashi." Ta juya ƙullin a hannunta. "Ba su nemi su riƙe ba?"

"Sun nema. Har an ɓata da ni."

Ta dube ni, irin duban da ba ta saba yi mini ba, don ita ma kunyata take ji ko da na girma na yi 'ya'ya. Sannan ta ce to faɗi abin da zomon ya ce. Na faɗa, da ƙarfi, yadda masu sussuka za su ji. Na ce zaren da ke jan tsokarsa ne ya dunƙule tun yana cikin ciki, tun kafin ya san nono, tun kafin a yi wannan cikin na biyu. Na ce uwarsa ta gani tun ranar farko, kunya ce ta rufe mata baki. Taɓaren suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta mayar da kakin cikin hankicin ta ƙulle. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki 'yar fartanyarta, ta zaga bayan ɗakin Hansai, ba bayan nata ba. Muka bi ta. Ta haƙa rami da kanta, yaron yana lilo a bayanta, ta hana kowa ya karɓa. Da ramin ya yi, sai ta miƙa ƙullin baya ba tare da ta waiwaya ba.

"Ke, zo ki sa. Naman ɗanki ne."

Hansai ta zo ta durƙusa da ƙaton cikinta, ta sa, ta tura ƙasa da tafin hannu ta daddanna. Inna ta tsaya har ta gama. Sannan ta kwance zanin goyon, ta zamo da Haruna ta gefe, ta riƙe shi a hammata.

"Halittarsa ce, kun dai ji," ta ce wa matan, kamar su ne suka fara maganar. Ta juya wajen Hansai. "Ungo. Bayana ya gaji, ni ba yarinya ba ce. Gobe ki tafi da shi, kada ki bar mini shi yana hana ni barci."

Iyakar ban-haƙurin Inna ke nan, kuma duk wanda ya san ta ya san ta yi da yawa. Hansai ta kawar da fuska gefe, yadda ya kamata uwar ɗan fari ta yi a gaban surukarta da mutane. Fuskar tana kallon katanga, hannayen kuwa sun riga sun miƙe, da ƙasar ramin a jikinsu. Haruna ya faɗa ƙirjinta, kansa ya tafi baya yadda ya saba. Ba ta duba ba, tafin hannunta ya riga ya tare ƙeyar tun kafin ta kai.